Agogon Birgadiye a Wuyan Kaka

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina. Waɗanda suka yi ta aiko mini da saƙo suna tambayar dalilin shirun da na yi, ku yi mini afuwa. Ban iya rubutu ba ne a lokacin da ko abinci ba na iya ci. Yau kuwa na karya da ɗumamen tuwo, na bi shi da shayi, Inna tana satar kallona tana murmushi. Da haka na san hankalina ya dawo jikina, zan kuma iya ba ku labarin daga tushensa.

Ga wanda yau ne ya fara karanta ni, sunana Raihana. A nan Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya aka haife ni, a unguwar Tahaggart, ko da yake asalinmu Damagaram ne. Mahaifina, Alhaji Muntari, yana da kantin shadda da atamfa a kasuwa. Wanda yake nemana da aure shi ne Sharifu, mutumin Tasawa, mai gyaran waya da agogo a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Gilashin wayata ne ya fashe na kai masa. Ya gyara, na tafi, sai ga shi ya kira yana tambayar ko gilashin ya kwana lafiya, kamar gilashi yana zazzaɓi. Daga nan abin ya fara.

Akwai wani abu game da Sharifu da ban taɓa gaya muku ba, domin ban ɗauke shi abin faɗa ba sai da ya kusa raba mu. A ƙarƙashin teburin aikinsa yana da akwatin gilashi da ya shimfiɗa wa koren karan-miski. A ciki akwai tsofaffin agogunan aljihu, masu murfi da sarƙa, wasu na azurfa, wasu na farin ƙarfe da ya dushe. Ba na sayarwa ba ne. Na taɓa ganin wani Bature da ke kan hanyarsa ta zuwa kallon dutsen Assekrem ya tsaya yana roƙonsa ya sayar masa da ɗaya, Sharifu ya ba shi shayi, ya kuma hana shi agogon.

Ya bayyana mini cewa dukansu na 'yan sandan zamanin mulkin Faransa ne, waɗanda mutanenmu suke kira gardi. Su ne masu tsaron ofishin kwamanda, masu raka masu karɓar lanho, wato harajin kai, masu kuma tasa ƙeyar samarin ƙauye zuwa aikin tilas kafin a soke shi a shekarar 1946. A abin da ya bincika, in ji shi, ba kowane gardi ne yake da agogo ba, sai wanda ya daɗe a aiki ya kai muƙamin birgadiye. Wasu ya samo su a Agadez, wasu a Maradi, wasu a hannun jikokin da suke kawo su a naɗe cikin tsumma, suna waige-waige kamar kayan sata suka ɗauko.

Na tambaye shi a ranar abin da ya haɗa shi da su. Ya ce kakansa, Malam Sufyanu, yana saurayi aka kama shi aka kai shi aikin hanya, kuma har ya koma ga Allah akwai tabon bulala a gadon bayansa. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban matsa ba. Na dai ce a raina, Allah ya isa tsakanin bayin Allah da gardi. Ku riƙe wannan addu'ar tawa, za ku ga inda ta dawo ta same ni.

A gidanmu akwai Kaka Azumi, mahaifiyar Baba. Ta haura tamanin, amma idonta garau, harshenta kuma ya fi idon kaifi. Tun da na yi wayo nake ganin wata 'yar jakar fata a wuyanta, a ƙarƙashin riga, na kuma san agogon mahaifinta ne a ciki. Kullum bayan sallar asuba takan juya mana baya ta murɗa kansa, ta kara shi a kunne, ta mayar. Ba ta taɓa fito da shi a gaban kowa ba. In na tambaya, sai a ce mini mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne a da. Ranar Juma'a kuma, in ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta domin turara tufafinta, takan buɗe bakin jakar ta ajiye ta a tsakiyar kayan, hayaƙi ya ratsa ta tare da su. Ban taɓa ganin wani abin mamaki a cikin wannan ba. A gidanmu duk abin da ake girmamawa ana yi masa turare.

Ranar da magabatan Sharifu za su zo neman izini ta faɗo Juma'a, a tsakiyar sanyin nan na duwatsun Ahaggar da yake daskarar da ruwan alwala a buta. Tun da hantsi aka rufe tagogi. Inna ta fito da turaren da take ɓoyo domin babbar rana, mai hawi da sandal da ƙaro, ta kunna kasko a falo, ta kunna a zaure, ta kunna wani a ɗakin Kaka, har ba ka ganin fuskar wanda ke gefenka. Ni ina ɗaki cikin laffaya ruwan zuma a kan doguwar riga mai aikin zare a wuya, lallen da aka yi mini ya kama ja sosai, ko da yake na san babu wanda zai gan ni cikin baƙin. Kawu Mahamane, ƙanin mahaifin Sharifu, shi ya jagoranci zuwan bayan la'asar. Sun zo da goro da dabino da sukari da ganyen shayi, kamar yadda ake yi a nan. Ina jin muryoyinsu daga nesa, ina jin dariyar Baba, zuciyata ta fara kwanciya.

Bayan tafiyarsu Baba ya shigo wurin Kaka domin ya gaya mata yadda aka yi, ni da Inna muna bakin ƙofa. Sai muka tarar da ita zaune a kan darduma, jakar a buɗe a cinyarta, agogon a tafin hannunta. Karon farko ke nan da na gan shi a fili. Ina ganinsa na gane shi, domin na san irinsa. Murfin azurfa ne da rubutun Faransanci a bayansa, da sarƙa mai ɗan guntun ƙarfe a gicciye a ƙarshenta. 'Yan'uwansa suna kwance a kan koren karan-miski a shagon Sharifu.

Kaka ba ta ɗaga kai ba. Ta ce agogon ya tsaya. Ta ce tun ranar da aka binne mahaifinta take murɗa shi, ya bi ta gidan aure, ya bi ta Makka, ya ƙetaro hamada da ita a bayan babbar mota, bai taɓa yin shiru ba sai yau, a daidai lokacin da mutanen nan suka sa ƙafa a zaure.

"Muntari," ta ce, "ka mayar musu da goronsu."

Baba ya durƙusa ya yi ta lallashi. Ya ce mata ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana gajiya. Ya ce an yi bincike, yaron yana da sana'a, yana da salla, babu wanda ya faɗi aibinsa. Ya ce canfi ba shi da gurbi a addini. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ta ji, amma in yana so ta sa albarka a auren nan, to ba za ta sa ba. Wanda ya san Baba ya san ba zai ɗaura auren da mahaifiyarsa ta janye albarkarta daga gare shi ba, ko da kuwa duniya za ta taru a kansa. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya roƙe ta a jinkirta mayar da goron zuwa wata Juma'ar.

Washegari, muna tsince shinkafa a madafa, na tambayi Inna kai tsaye. Ta ajiye tiren a gefe. Ta ce mahaifin Kaka birgadiyen gardi ne a Damagaram, kuma ba sunan alheri ya bari ba. Bayan samun mulkin kai a 1960, Kaka tana amarya, 'yan matan unguwa suka riƙa yi mata waƙa in ta fito ɗiban ruwa. Dangin mijinta kuwa, in an yi 'yar saɓani ko a kan gishirin miya ne, sai a ce ai ba laifinta ba ne, jinin gardi ne. Haka ta zauna da wannan gorin shekara da shekaru. Da Baba ya kafu a Tamanrasset ya ɗauko ta, abin da ta fara cewa da ta sauka shi ne, a nan dai babu wanda ya san ubanta.

Inna ta rage murya ta ƙara da cewa, a wajen binciken da aka yi ne labarin kakan Sharifu ya zo kunnen Kaka, da labarin akwatin agogunansa. Tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Masu karatu, ku auna halin da na shiga. Mutum ɗaya ne na sani a garin nan da zai iya buɗe agogon ya gane abin da ya same shi, shi ne Sharifu. In bai gani ba, Kaka tana kan bakanta, goro zai koma. In kuwa ya gani, zai karanta bayan murfin, ya san cewa yarinyar da yake kira sanyin idonsa tattaɓa-kunnen mai bulala ce. Na tuna fuskarsa a ranar da ya ambaci tabon kakansa. Na tuna addu'ar da na yi, na ga ashe a kan gidanmu na yi ta.

Sai na yi abin da matsorata suke yi, na daina amsa waya. Saƙonninsa suka yi ta shigowa ina kallo.

"Ranki ya daɗe, ko gilashin ne ya sake fashewa?"

"Kawu ya ce Baba ya karɓe su hannu biyu. Ya kuma ce a gaya wa Inna turarenta ya bi shi har gida, tari yake yi har yanzu, matarsa tana tambayarsa inda ya je."

"Raihana, shirun ya yi yawa. In laifi na yi, a faɗa mini sunansa."

Ranar Talata da hantsi na kasa daurewa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na rubuta masa cewa Kaka ta ce a mayar da goro, saboda wani tsohon agogonta ya tsaya a lokacin da su Kawu suka shigo. Ban faɗi irin agogon ba. Na ajiye wayar a kan gado na koma gefe ina kallonta kamar kunama. Ba a jima ba ta yi haske.

"Na birgadiyen da ke wuyanta?"

Na karanta, na sake karantawa. Kafin in samu abin cewa wani saƙon ya shigo.

"Tana yi masa turare?"

Na ce kowace Juma'a. Ya ce to in roƙa masa izini wurin Kaka da Baba, zai zo da kayan aikinsa, ba kuma zai taɓa agogon ba sai ta miƙa masa da hannunta. Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce wannan amsar Kaka ce ta fi cancanta ta fara ji.

Na sami Kaka a tsakar gida tana shan hantsi, ta lulluɓe da bargo har ka. Na zauna a gefen tabarmarta na gaya mata duk yadda muka yi, ban rage komai ba. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kawai ta ce in ce masa ya zo gobe da rana tsaka, ba domin gyara ba. Ta ce akwai maganar da take so ta faɗa masa ido da ido, in ya so ya ɗauki goronsa da kansa, ya hutar da Muntari.

Ya zo cikin farar shadda da rawani ruwan toka irin na mutanen nan, da 'yar jakar baƙar fata a hannu. Baba ya rufe kanti ya dawo domin zaman. Aka shimfiɗa darduma a inda rana take faɗowa a tsakar gida. Ni da Inna muka zauna a ƙofar madafa, ina riƙe da tiren shayin da na manta ban kai ba. Sharifu ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da Kaka ya gaishe ta. Ba ta amsa da wasa ba kamar yadda ta saba yi masa. Ta ciro jakar daga wuyanta ta ajiye a tsakaninsu, ta dafe ta da hannu.

Ta ce masa ba za ta yi masa ƙarya ba, tun da ƙafarta ɗaya tana kabari. Ubanta ba ya cikin gardin da ake cewa suna da sauƙi. Ta ga bulalarsa da idonta, ta fatar dorina ce, a rataye a bayan ƙofa. Ta ga mata suna zuwa ƙofar gidansu suna kuka a kan 'ya'yansu da aka tafi da su, ana ba su haƙuri da bakin sanda. Ba ta san ko ya taɓa haɗuwa da Malam Sufyanu ba, ba kuma za ta rantse cewa bai haɗu da shi ba. Ta ce abu ɗaya ne ta sani na taushi a wurinsa: in ya dawo gida ya tuɓe jar hularsa, yakan ɗora ta a cinya ya kara mata agogon nan a kunne. Da ya rasu, 'yan'uwanta maza suka ƙi ɗaukarsa, ita ta ɗauka.

"Ni na san abin da na sha a gidan miji," ta ce. "Yau kana sonta. Wata rana za ku yi faɗa, domin babu auren da ba a faɗa. Ranar nan me zai fito daga bakinka?"

Sharifu ya dubi jakar da ke tsakaninsu. Kansa a ƙasa ya ce tun ranar da ya fara zuwa gaishe ta, da ta sunkuya za ta ba shi dabino, guntun ƙarfen bakin sarƙar ya leƙo daga wuyan rigarta. Ya ce ya riƙe irin wannan sarƙar sau da yawa, ba zai kasa gane ta ba. Ya koma gida ya kwana da abin a ransa, ya kai wa mahaifiyarsa maganar ta waya, ya gaya wa Kawu Mahamane tun kafin a sayi goro.

"Kaka, da gori zan yi, da ban turo su ba. Ba zan ce na yafe a madadin kakana ba, wannan ba hakkina ba ne, yana wurin Allah tsakaninsu. Amma ke kina yarinya aka yi abin nan. Raihana kuwa ko Baba ba a haifa ba."

Kaka ta ce to in haka ne, me yake yi da agogunan azzalumai a cikin akwati, yana shimfiɗa musu karan-miski kamar amare.

Ya ce kakansa ya sha ba shi labari cewa a wurin aikin hanya ba su taɓa ganin fuskar agogo ba, sai bayan murfinsa. Gardi zai ciro shi, ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya ce lokacin hutu bai yi ba. Ko ya yi ko bai yi ba, babu mai sani sai shi. Malam Sufyanu ya rasu yana cewa da ma ya san abin da ke rubuce a cikin abin nan.

"Shi ya sa duk wanda na samu nake buɗe shi, in bar shi a buɗe. Duk wanda ya shigo shagona yana iya duba fuskarsa, ko ɗan ga-ruwa ne."

Na ga Baba ya kawar da kai yana gyara hularsa da ba ta karkace ba. Kaka ta dubi Sharifu. Daga nan ta ɗage hannunta daga kan jakar, ta tura ta gabansa da yatsa.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan darduma, ya saka gilashin nan na masu gyara a ido ɗaya, ya ɓalle murfin baya da bakin wata 'yar wuƙa. Yana buɗewa, wallahi daga ƙofar madafa na ji ƙamshin. Hawi ne da sandal, turaren Inna da na Kaka na shekara da shekaru. Ya karkata agogon ga rana ya nuna mata. Duk ƙananan haƙoran da ke ciki sun yi ja, wani danƙo kamar zuma ya kwanta a kansu. Ya bayyana mata cewa hayaƙin turare yana ɗauke da ƙaro, ƙaron yana shiga ta kafar murfi ya zauna a kan man da ke ciki. Da zafi yana narkewa, agogo ya yi ta tafiya da ƙyar. Ranar Juma'ar nan kuwa an haɗa masa hayaƙin da bai taɓa sha ba da sanyin da ya fi na kullum, sai danƙon ya daskare ya riƙe ɗan zoben da yake kai da komo a tsakiya.

Kaka ta juyo ta dubi Inna. Inna ta ce ita dai ba ta san an hana yi wa baƙi turare ba, kuma ba ita ta ce a rufe tagogi ba. Baba ya ce shi ya ce a rufe, saboda ƙirjin Kawu Mahamane. Sharifu ya ce ai ƙirjin Kawu ya gode. Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun ranar Juma'a, na toshe baki da gefen laffaya.

Kaka ba ta yi dariya ba. A hankali ta ce ita ba domin ƙamshi take turara shi ba. Tana yi ne ko Allah zai sa abin da agogon ya gani ya fita daga jikinsa. Sharifu ya tsoma wani siririn tsinke a cikin 'yar kwalbar ruwan wanki mai warin esans, wato fetur, ya shiga goge haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana share tsinken a farin ƙyallen, ƙyallen yana yin ja. Ya ɗauki lokaci. Shayin da ke hannuna ya huce. Da ya gama ya ɗiga mai da bakin allura, ya ajiye agogon a rana ya ɗan ji ɗumi, sannan ya ɗauka ya kaɗa shi sau ɗaya a tafin hannunsa.

Ban ji ƙarar ba daga inda nake. Fuskar Kaka na gani. Ya miƙa mata da hannu biyu, ta kara a kunne, ta rufe ido, leɓunanta suna motsi. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe ido sai ta ce wa Baba ya daina tsayuwa a kanta kamar jandarma, ya je ya raba goron mutane kafin ya bushe.

Ni dai ban san lokacin da na ajiye tiren ba. Na ji Inna ta riƙe hannuna ta matse, na ji wani nauyi da na kwana da shi na tashi da shi ya sauka daga ƙirjina.

Sharifu ya ce gyaran na wucin gadi ne. Agogon yana bukatar a warware shi gaba ɗaya a wanke, aikin kuma sai a shago. Kaka ta ce agogon ba zai kwana a waje ba, kuma kada ya kuskura ya yi masa sha'awar koren ƙyallen nan nasa. In wanki ne, ya zo nan ya yi a gabanta. Ya ce aikin zai ɗauki zuwa da yawa. Baba ya yi gyaran murya ya ce ya lura da hakan.

Da ya tashi tafiya, ya durƙusa yi mata sallama, sai ta kama bakin rawaninsa ta ja kaɗan.

"Maigidana, haka za ka tafi ba ka ba ni kuɗin cefane ba? Ko waccan mai ƙona shayin ce ta ɗauke maka hankali?"

Ku da kuka tashi a gidan Hausa kun san abin da wannan wasan yake nufi. Kaka ba ta kiran saurayi maigidanta sai ta karɓe shi a cikin jikokinta. Sharifu ya ce ai ita ce uwargida, waccan ko shayi ba ta iya kawowa da zafinsa ba. Na shige madafa da gudu, kunnuwana suna zafi.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "A gaya wa tattaɓa-kunnen birgadiye cewa jikan lebura yana gaisuwa. Daga yau kuma ba za ta sake jin sunan nan a bakina ba, ko da wasa." Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na ce masa Allah ya ji ƙan Malam Sufyanu. Ya ce amin, ya ji ƙan duk musulmi.

Yau Juma'a. Ɗazu da hantsi Kaka ta sa na kunna mata kasko, ta kifa kwando, ta jera zannuwanta a kai. Na ga hannunta ya tafi wuyanta kamar yadda ya saba, ya tsaya. Ta ciro jakar, ta zare agogon daga ciki, ta kira ni. Maƙwabciyarmu tana zaune a tsakar gidan, ta shigo aron turmi, ga ƙofar zaure a buɗe.

"Riƙe mini nan, ki fita da shi rana, kada hayaƙi ya same shi."

Maƙwabciyar ta miƙa wuya ta ce wannan tsohon agogo fa, na wane ne? Na dubi Kaka. Ita kuwa tana gyara zani a kan kwando, ko juyowa ba ta yi ba.

"Na ubana ne," ta ce. "Gardi ne. Buɗe mata ta ga fuskarsa."

Na buɗe. Yana nan a gefena yanzu da nake rubuta muku wannan, murfinsa a buɗe, yana tafiya.